Sai an gama yanke hukunci ake tunawa da mu

Babu abin da ya fi ƙona mini rai a harkar mulkin ƙasar nan kamar yadda hukumomi ke ƙulla magana a Abuja, su sauke ta a kan talaka, sannan bayan ɓarna ta auku su kira taro a otel su ce suna ganawa da masu ruwa da tsaki.

A ranar 26 ga Oktoba 2022 Godwin Emefiele, gwamnan Babban Bankin Najeriya na wancan lokacin, ya sanar cewa bankin zai sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000. Kwana biyu bayan haka, Ministar Kuɗi Zainab Ahmed ta shaida wa sanatoci cewa ba a tuntuɓi ma'aikatarta ba. To idan ministar kuɗi ba ta san da zancen ba, wa ya tambayi dillalin shanu a kasuwar Maigatari, ko mai hatsi a Dawanau, ko mai ƙosai a ƙauyen da sai an yi doguwar tafiya kafin a ga ƙofar banki? Da an zauna da shugabannin kasuwanni da dagatai, da sun faɗa tun farko cewa cinikin karkara na kuɗi a hannu ne. Mun ga magidanta sun yi sammako zuwa layin banki sun dawo hannu rabbana, mun ga masu POS suna sayar wa mutum kuɗinsa, mun ga tumatir yana ruɓewa a kwando domin babu mai tsabar da zai saya.

Abin takaicin ma bai tsaya nan ba. An ce wa'adin daina karɓar tsofaffin takardun shi ne 31 ga Janairu 2023, aka mayar da shi 10 ga Fabrairu, sannan shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya fito ya ce tsohuwar naira 200 kaɗai za a ci gaba da karɓa. A ranar 3 ga Maris Kotun Ƙoli ta ce dukkan tsofaffin takardun suna nan daram har ƙarshen shekara, kuma ta kafa hujja da cewa ba a ba jama'a isasshiyar sanarwa ba. Duk da haka bankin ya yi gum har 13 ga wata, kwana goma cur mai shago da mai saye suna cacar baki a kan takardar da babu wanda ya san matsayinta.

Ba a kuma ɗauki darasi ba, domin a ranar 29 ga Mayu 2023 a cikin jawabin rantsuwar Shugaba Bola Tinubu muka ji an cire tallafin man fetur, kafin mako ya zagayo lita ta haura naira 500 a Kano.

Gidajen rediyo suna nan, masallatan Juma'a suna nan, masu unguwanni da ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na direbobi duk suna nan. A zo a yi mana bayani da Hausa tun magana tana kan tebur, a kuma bar mu mu mayar da amsa kafin a sa hannu.