Kashi biyar cikin ɗari: tabon da ƙasar Sin ke sosawa har yau

Duk lokacin da Amurka ta lafta wa kayan ƙasar Sin sabon haraji, jami'an Beijing kan mayar da martani da zafin da ya wuce lissafin riba da faɗuwa. Wasu masu sharhi na danganta wannan da ƙwace Hong Kong, wasu da fadar sarki da sojan Ingila suka banka wa wuta a 1860. A ganina ciwon da ya fi cin rai wata 'yar lamba ce, kashi biyar cikin ɗari, wato kuɗin fiton da aka ƙayyade wa Sin da bakin bindiga, ta yi kusan shekara 90 ba ta da ikon taɓa shi.

Kafin nan Sin ce mai ƙofa, makulli kuma na hannunta. Daga 1757 an killace 'yan kasuwar Turai a tashar Guangzhou kaɗai, ba sa ciniki sai ta hannun wasu dillalai da hukuma ta ba lasisi. Da jakadan Ingila, Macartney, ya je neman sassauci a 1793, sarki Qianlong ya sallame shi da wasiƙar da ke cewa ƙasarsa ba ta bukatar kayan ƙirar Ingila. Ga shi Turawa sun ɗanɗana ganyen shayi sun kasa bari, Sinawa kuwa azurfa suka fi so a biya su da ita.

Dabarar da Kamfanin Gabashin Indiya, kamfanin cinikin Ingila, ya ɓullo da ita ta cancanci a tsaya a kanta. Kamfanin ya riƙe noman ofiyom, wani kayan maye, a Bengal ta Indiya, yana gwanjonsa a Kalkata, 'yan kasuwa masu zaman kansu su saya su yi fasa-ƙwaurinsa zuwa gaɓar Sin, su karɓi azurfa, azurfar ta koma sayen shayi. Kamfani ya ci riba, hannunsa kuma fes. Akwati guda na ɗaukar sama da kilo 60. A farkon ƙarni na 19 akwatin da ke shiga a shekara bai wuce dubu huɗu zuwa biyar ba. Zuwa 1838 ya doshi 40,000.

Ɓarnar ba ta tsaya kan mashaya ba. Manomi a Sin yana sayar da amfanin gonarsa ne da kuɗin tagulla mai huda a tsakiya, irin aninin zamanin Turawa a nan, amma haraji da azurfa ake lissafa shi. A ƙa'ida tagulla 1,000 ke sayen awo ɗaya na azurfa, kimanin giram 37. Da azurfa ta yi ta zurarewa waje sai farashin ya haura 1,500. Harajin manomi ya ƙaru da rabi ke nan, ba tare da sarki ya ƙara ko anini ba. Duk wanda ke karɓar albashi da naira yana sayen kayan da dala ke yanke wa farashi ya san wannan raɗaɗin.

A 1839 aka tura wani babban jami'in sarki, Lin Zexu, ya tsayar da fasa-ƙwaurin ofiyom. Ya ƙwace akwati fiye da 20,000, ya sa aka haƙa manyan ramuka uku a Humen, aka cika su da ruwa, aka farfasa curin ofiyom a ciki, aka zuba gishiri da farar ƙasa har ya narke, sannan aka kora shi teku. Aikin ya ci kwana 23. Ingila ta amsa da jiragen yaƙi, ciki har da Nemesis, jirgin ƙarfe mai tururi da ke kutsawa ruwa marar zurfi inda jiragen katako na Sin suka ɗauka sun tsira.

Yarjejeniyar Nanjing ta 1842, wadda Sin ta sa wa hannu bayan ta sha kashi, kowa ya san kanunta: miƙa wa Ingila tsibirin Hong Kong, buɗe mata tashoshi biyar da suka haɗa da Shanghai, da diyyar dalar azurfa miliyan 21, wadda miliyan 6 a ciki kuɗin ofiyom ɗin da aka narkar ne. Amma dafin yana cikin ƙarin da aka yi a 1843. Nan aka tsayar da kuɗin fito a kusan kashi biyar, aka hana kotun Sin hukunta ɗan Ingila, aka kuma rubuta cewa duk alfarmar da Sin ta yi wa wata ƙasa, Ingila ma ta samu. Amurka da Faransa suka karɓi irin tasu a 1844. Daga ranar, ba yadda Sin za ta gyara ko layi ɗaya sai dukkansu sun yarda. Bayan 1858 abin ya ƙara muni: kayan Bature na biyan kashi biyu da rabi sau ɗaya su ratsa ƙasar, ɗan kasuwar gida kuwa sai ya biya a kowane shinge. Hukumar kwastan kanta wani ɗan Birtaniya, Robert Hart, ya riƙe ta daga 1863 har sama da shekara 40, kuma da kuɗinta da na gishiri aka lamunce biyan diyyar da ƙasashen waje suka ɗora wa Sin a 1901 bayan tawayen Boxer, awon azurfa miliyan 450 da ruwan kashi huɗu na shekara 39. A daidai zamanin Amurka na kare masana'antunta da harajin da ya wuce kashi 40. Sai wajen 1930 Sin ta karɓo ikon yanke kuɗin fitonta.

Wanda ya riƙe wannan zai gane salon jagoran Sin Deng Xiaoping bayan 1978. Ya buɗe ƙofa, amma taƙi-taƙi. An fara da yankuna huɗu na gwaji a 1980, Shenzhen na ciki. Kamfanin motar waje ba ya mallakar fiye da rabin masana'anta, dole ya haɗa gwiwa da na gida, kamar yadda Volkswagen ya yi a Shanghai a 1984. Ba a cire wannan sharaɗi gaba ɗaya ba sai 2022, lokacin da 'yan gida suka riga suka ƙware. Kuɗin fito ya sauko daga kusan kashi 43 a 1992 zuwa 15 a 2001, shekarar shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, sannan ƙasa da 10.

Yanzu reshe ya juye da mujiya. Amurka ta fara harajinta a 2018, ta taƙaita sayar wa Sin manyan ƙwayoyin lantarki da ke zama ƙwaƙwalwar kwamfuta a 2022, ta sa kashi 100 kan motocin lantarkin Sin a 2024. Masu cinikin 'yanci na jiya su ke gina katanga, Beijing ke wa'azin buɗe kasuwa.

Sai dai kada tausayin tarihi ya rufe mana ido. Sin ta toshe Google da Facebook a gida, tana tallafa wa masana'antunta da kuɗin gwamnati, kuma ta iya horo da kasuwa: sha'irin Ostireliya ya sha harajin kashi 80 a 2020 bayan saɓanin siyasa. Labarin wulaƙancin Turawa ma zaɓe ake yi a cikinsa, domin yunwar da manufofin Mao suka jawo daga 1959 zuwa 1961 ta kashe miliyoyin da igwar Ingila ba ta kashe ba. 'Yan Kantin Kwari da tsofaffin ma'aikatan masaƙun Kaduna kuwa sun ga yadda yadi mai araha daga Sin ke yi wa masaƙar da ba ta da katanga, ko da yake rashin wuta da fasa-ƙwauri laifinmu ne.

A 2025 harajin Amurka kan kayan Sin ya kai kashi 145, Sin ta rama da 125, ta kuma matse fitar da ma'adinan da ake haɗa maganaɗisun motoci da makamai da su, waɗanda mafi yawan tacewarsu a hannunta take. A watan Mayu ɓangarorin biyu suka zauna a Geneva, Amurka ta sauko zuwa 30, Sin zuwa 10, na kwana 90. Yarjejeniyar Nanjing kuwa a cikin jirgin yaƙin Ingila mai suna Cornwallis aka sa mata hannu.