Tura linki ba koyarwa ba ne

To, kun dai ga abin da hedimastan nan na Aboabo ya yi jiya. Ya zuba wa malamansa linki sama da 30 na YouTube a WhatsApp, wai an shiga zamanin fasaha. Sannu da ƙoƙari, Malam! Wa zai sayi data? Bidiyo mai kyan hoto yakan ci kusan giga 1 a awa, ga yara 45 a aji, ga dumso, wato ɗaukewar wuta, na jira a bakin ƙofa.

Jama'a, tura linki ba koyarwa ba ne. Kayan da bai buɗuwa sai da intanet, a makarantun zongo ado ne kawai.

Kuma hanyar ba wuya. Ka samu laftof guda, ka sa masa Kolibri, manhajar karatu mai aiki ba intanet, kyauta ce. Ka kai shi inda intanet ke da ƙarfi, ka sauke darussan Khan Academy, shafin koyarwa na kyauta, sau ɗaya tak. Ka dawo ka jona shi da na'urar wifi, ko ba SIM a ciki. Kowane yaro ya buɗe burauza a tablet ɗinsa, ya rubuta lambar IP ta laftof ɗin, wato adireshinsa a wifi, ya ƙara :8080 a ƙarshe, shi ke nan. Scratch ma, na koya wa yara kodin, yana da manhajar da ake sakawa a kwamfuta ta yi aiki ba data.

Inda ake faɗuwa shi ne idan wuta ta ɗauke ta dawo. Na'urar wifi sai ta ba laftof sabuwar lamba, yara su yi ta buga tsohuwa, malami ya ce abu ya lalace. Bai lalace ba. A kafe lambar tun ranar farko, a rubuta ta a allo, a sa ƙaramin UPS, wato batirin da ke riƙe wuta idan an ɗauke.

Wani zai ce ai gwamnatin Ghana ta fara raba tablet tun 2024. Na babbar sakandare ne, ɗan'uwa, ba na ƙaramar sakandare (JHS) ba, kuma tablet marar komai a ciki faranti ne. A 2018 duniya ta tafa wa Richard Akoto, malamin da ya zana wa ɗalibansa Microsoft Word da alli a allo a Sekyedumase. Shi aƙalla yaransa sun ga wani abu. Mai tura linki fa?

Wallahi tausayin yaran nan nake ji, BECE, jarrabawar gama JHS, ba ta jiran kowa.

Af, masu sayo soket mai araha a kasuwar Kejetia su jona tablet 10 a kai, ku ji tsoron Allah. Wannan ƙaurin da kuke ji ba daga wajen mai waakye yake fitowa ba.