Laifin ba na ma'aikata ne kaɗai ba

Marubucin wani labari da na karanta ya ɗora haɗurran masana'antun sinadarai a kan sakacin ma'aikata. Gaskiya ban gamsu ba. Sau da yawa ɓarnar tana farawa ne tun daga yadda aka tsara bututun masana'anta.

A duba abin da ya faru a masana'antar sinadarai ta Flixborough da ke Ingila ranar 1 ga Yuni 1974. Cikin jerin tukwanen sarrafa sinadari da ke haɗe da juna, ta biyar ce ta tsage, aka cire ta, aka haɗa ta huɗu da ta shida da bututun wucin gadi mai faɗin inci 20, don kada aiki ya tsaya. Da alli aka zana shi a daɓen ɗakin gyara, aka tokare shi da ƙarafan da magina ke hawa, ba a yi cikakken lissafin ƙarfinsa ba. A lokacin ma kujerar babban injiniyan masana'antar babu kowa a kai. Sinadarin saikuloheksen, mai saurin kama wuta, ya ɓalle da zafinsa, wuri ya tarwatse, mutum 28 suka rasa rayukansu, 18 daga cikinsu a ɗakin lura da na'urori. Waɗannan bayin Allah wane sakaci suka yi?

Don Allah marubucin ya faɗa mana wanda ke sa hannu kafin a sauya bututu a masana'antun da yake magana a kansu.