VPN ba ya rage nisan Damagaram da Turai

Wata Juma'a da dare ƙanena ya aiko mini da saƙon murya daga fadarsu ta Zango. A bayansa ana ta ƙwanƙwasa kofunan shayi, wani yana rantsuwa cewa shi ya fara harbi. Ya ce, "Yaya, don Allah ka biya mini VPN na kuɗi, irin wanda kuke sawa a can. Wannan na kyautan shi ke sa ake kashe ni." Na ce masa ni ban taɓa kunna VPN, manhajar nan da ke bi da intanet ɗinka ta wata ƙasa, don wasa ba. Bai yarda ba. A ganinsa duk wanda ke Turai yana da wani laƙani da yake ɓoye wa na gida.

Shekaru kaɗan ke nan da aiki ya kawo ni Liyon, a Faransa. PUBG, wasan harbin da muke bugawa tare a waya tun ina Damagaram, shi ne dai muke bugawa har yanzu, kuma kowa a gidanmu ya san ya fi ni hannu. Amma tun da na zo nan sai na zama gwani. Ni ke ganin abokin gaba kafin ya gan ni, shi kuwa ƙanen nawa yakan shige bayan bango ya ɓuya, sannan harsashi ya same shi a inda ya riga ya bari. Ban ƙara ƙwarewa ko kaɗan ba. Abin da ya canza shi ne 'yar lambar nan da ke gefen allo, wadda ake kira ping. Tawa takan tsaya wajen 20. Tashi, in reso ya yi kyau, tana yawo tsakanin 150 da 200, in ya ɓaci kuma sai ta koma ja.

Ping lissafin lokaci ne, da milisakan, wato kashi ɗaya cikin dubu na sakan. Ka danna harbi, saƙon ya bar wayarka ya je wurin sabar wasan, babbar kwamfutar da ke yanke hukuncin wa ya harbi wa, amsa ta dawo. Tsawon wannan zuwa da dawowa shi ne ping. Haske a cikin zaren faiba yana gudun kusan kilomita 200,000 a sakan ɗaya, don haka kowane kilomita 1,000 yana cin milisakan 10 zuwa da dawowa, ko da babu cunkoso ko ɗaya a hanya. Wannan ba abin da kuɗi ke saye ba ne.

To duba inda kowannenmu yake tsaye. Manyan wuraren da kamfanoni ke ajiye sabobinsu a Turai su ne irin su Paris da Frankfurt da Landan da Amsterdam. Daga Liyon zuwa Paris bai wuce kilomita 400 ba a miƙe. Daga Damagaram zuwa Frankfurt kuwa, ko da za a shimfiɗa waya ɗoɗar ta ƙetare Sahara da Bahar Rum, kusan kilomita 4,000 ne. Kuma saƙon ba ya bin miƙaƙƙiyar hanya. Nijar ba ta da teku, saboda haka intanet ɗinmu sai ya gangara kudu zuwa bakin ruwa, Kwatano ko Legas, sau da yawa ma bayan ya fara biyawa ta Yamai, wadda ita kaɗai tafiyar kusan kilomita 900 ce daga gida. Daga can ya shiga wayoyin ƙarƙashin teku ya kewaye dukan Afirka ta Yamma. Wayar MainOne kaɗai, daga Legas zuwa Fotugal, kilomita 7,000 ce. Wanda ya manta da wannan kewaye ya tuna ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyi huɗu, WACS da ACE da SAT-3 da MainOne, suka lalace a tekun Kwadibuwa, intanet ya yi ta rarrafe a ƙasashen yankin kwana da kwanaki.

Me VPN yake yi a cikin wannan tafiya? Yana ɗaukar saƙonka ya ƙulle shi yadda na hanya ba za su karanta ba, ya kai shi wurin tasa sabar, daga can ne za a buɗe a miƙa wa sabar wasan. Dillali ne ka sa a tsakani. Ka ɗauka kana son aika kaya Kano, maimakon ka ba direban da zai bi ta Matamai da Daura, sai ka ce dole a fara sauke su wurin wani amintaccenka a Maraɗi. Kayan za su isa a ɗaure tam, ba wanda ya leƙa. Amma wanda ya ce maka za su riga na direban farko isa, yaudararka ya yi.

Na kyautan nan da samari ke sauke wa a waya sun fi muni. Dubban mutane ne ke cushe a saba ɗaya, ga talla tana faɗowa, kuma ba ka san wa ke riƙe da bayananka ba. Na tambayi ƙanena wace ƙasa ya zaɓa a cikin nasa, ya ce Amurka, wai ita ce mai ƙarfi. Wato saƙonsa yana ƙetare Tekun Atlantika ya je, ya sake ƙetarowa Turai, sannan amsa ta biyo sawu. Na yi dariya har maƙwabcina ya buga bango.

Ban ga laifinsa ba, domin na san inda VPN ya samo wannan kwarjini a wajenmu. Lokacin da gwamnatin Najeriya ta rufe Twitter, daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, da shi 'yan uwanmu na Kano da Katsina suka ci gaba da shiga, labari kuma ya ƙetaro iyaka. Ga waɗansu manhajoji masu kama da shi da yara ke amfani da su don samun intanet ba tare da forfe ba. Sai ya zama a kunnen matashi VPN maɓalli ne mai buɗe kowace ƙofa. Ƙofa kam yana buɗewa. Nisa ne ba ya ragewa. Kuma ko ƙofar ma sai da hanya a bayanta: da aka yanke intanet na waya a Nijar bayan zaɓen Fabrairun 2021, babu VPN ɗin da ya fitar da kowa.

Gaskiya ɗaya zan ba masu kare shi, kuma ba ƙarama ba ce. Kamfanin da ke ba ka reso ba kullum yake zaɓar gajeriyar hanya ba, wani lokaci mai arha yake bi, ko wadda ya ƙulla yarjejeniya a kanta. In hanyarsa ta karkace ko ta cushe, VPN mai kyau da ke da saba kusa da ta wasan yana iya fitar da kai ta wata hanyar, kamar yadda direba ke komawa ta Magarya in ta Matamai ta ƙi. A nan ping kan sauka kaɗan, ko aƙalla ya daina tsalle-tsalle, wanda ga ɗan wasa ya fi muhimmanci, don hannu yakan saba da 160 da ke zaune daram amma ba ya sabawa da lambar da yanzu take 90, an jima 400. Akwai ma manhajoji irin su ExitLag da aka yi don wannan aikin zaɓar hanya kawai. Haka nan in kamfani na rage wa wani nau'in amfani gudu da gangan, ƙullin VPN yana hana shi gane abin da kake yi. Sai dai duk wannan abin gwadawa ne, ba abin ɗauka da ka ba. Kunna wasan babu VPN ka rubuta lambar, kunna da shi ka rubuta, a lokaci ɗaya na dare, kwana uku a jere.

Masu sauya ƙasa da VPN don sayen kayan wasa da arha su yi hattara, masu sayar da wasanni irin su Steam sun haramta hakan a ƙa'idojinsu, ana iya rufe wa mutum asusu.

Abin da ya fi ci mini rai a wannan zance shi ne yadda muke ɗora wa Turai laifin abin da ke faruwa a bakin ƙofarmu. Mafi yawan wahalar tana cikin zangon farko ne, tsakanin waya da eriyar unguwa. Bayan sallar isha'i duk gari ya hau TikTok da kiran bidiyo na WhatsApp, eriya ɗaya ke ɗauke da kowa. Ko a ce wifi ne na tikiti, mutum talatin a kan akwati ɗaya. Ga kuran in ya ɗauke. Ga zafin Afrilu da Mayu, da ke haura digiri 40, waya ta yi zafi ta rage wa kanta gudu, hoto ya riƙa sarƙewa, yaro ya ce reso ne. A wannan hali VPN ƙarin aiki ne ga wayar, yana ƙara mata zafi yana shan caji. Yawan mega ma ba shi ne magani ba, don wasan harbi ba ya cin intanet kamar kallon bidiyo. Ni a nan zaren faiba ne ya shigo har cikin ɗakina, ba na rabon iska da kowa.

Abin da nake sa wa ido shi ne aikin faiba na ƙetare Sahara, wanda Bankin Raya Afirka ya sa wa kuɗi, mai reshe daga Arlit zuwa iyakar Aljeriya ta Asamaka, da wani daga Damagaram zuwa iyakar Najeriya ta Magarya. Wannan shi ne rage nisa na haƙiƙa. Starlink ma, intanet na tauraron ɗan adam da ya fara aiki a Nijar a 2025, taurarinsa na shawagi ne wajen kilomita 550 a sama, yana tsallake matsalar eriyar unguwa ga mai halin saye, muddin ba a tara masa rabin unguwa a kai ba.

Ban biya wa ƙanena VPN ba. Na aika masa kuɗin forfe, na sa ya goge na kyautan, ya zaɓi sabar Turai a cikin wasan, ya cire rigar wayar don ta sha iska. Muka koma bugawa bayan sallar asuba, kafin ya tafi jami'ar André Salifou, ni kuma kafin in kama jirgin ƙasa. A wannan lokaci lambarsa takan zauna wajen 140. Makon jiya ni aka fara kashewa sau uku a jere, shi ya rage a fili yana ta kirana, "Yaya, ina laƙanin naku na Turai?"