Kachala ce babbar matsalar dausayin Haɗeja da Nguru

Wani labari da na gani ya yaba wa NCF, ƙungiyar kare muhalli ta Najeriya, kan ƙidayar tsuntsayen da ke zuwa dausayin Haɗeja da Nguru daga Turai lokacin hunturu, amma bai taɓo kachala ba, wato doguwar ciyawar nan mai tsiro cikin ruwa, alhali ita ce ke cinye wurin.

Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, sannan ta Challawa a 1992, a kan kogunan da ke kai ruwa dausayin, ana sakin ruwa har da rani, magudanai ba sa bushewa kamar da. Abin da kachala ke so ke nan. Ta toshe hanyoyin ruwa, masunta sun rasa wurin jefa taru, tsuntsun jan-baki kuma ya samu mafaka yana afka wa shinkafa da gero.

Ƙona kachala ɓata lokaci ne, domin saiwarta na ƙarƙashin laka, bayan 'yan makonni ta sake tohowa. A yanke ta ƙasa da saman ruwa, kamar taƙi ɗaya, yadda kututturen zai nutse ya kasa shan iska, a maimaita sau biyu ko uku kafin ta fitar da kai. Kuma a kwashe abin da aka yanka, in ba haka ba shi ma toshe magudanar zai yi.