Masar Ta Rabu Da Maleriya, Sauronta Kuwa Yana Nan

A watan Oktoban 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba Masar shaidar cewa ta rabu da zazzaɓin cizon sauro. Mutanenmu na Gombe da ke jin labarin a rediyo sun ɗauka babu sauro ke nan a ƙasar. Ni da nake zaune a Alƙahira ina shaida muku akwai shi, kuma yana cizo, musamman a unguwannin da ke kusa da Nilu. Abin da babu shi ne ƙwayar cutar a jinin mutane. Sauro ba ya ƙirƙirar maleriya. Macen wani jinsi da ake kira Anofilis ce ke zuƙo ƙwayar daga jinin mai ciwo ta kai wa mai lafiya. In babu mai ciwon da za ta ɗauko a wurinsa, cizonta ƙaiƙayi ne kawai. Sai ƙasa ta shekara uku a jere ba a samu wanda ya kamu a cikinta ba kafin a ba ta wannan shaida.

Kada a ce dama Masar hamada ce. Masu bincike sun samu alamar maleriya a gawar Fir'auna Tutankamun. A 1942, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, masu ciwon sun haura miliyan 3, bayan da sauron nan namu na Afirka, Anofilis gambiye, ya ɓulla kudancin ƙasar ta wajen Sudan. Amma tun 1930 gwamnatinsu ta sa maleriya cikin cututtukan da dole likita ya kai rahoto in ya gani. A ganina wannan doka ita ce ta raba mu da su, fiye da kuɗi ko yanayi. A 2014 cutar ta sake ɓulla a yankin Aswan, nan da nan aka gano masu ita, aka ba su magani, aka yi feshi, magana ta mutu.

Na ga yadda abin ke aiki da idona. Wani ɗalibi ɗan Kumo ya dawo daga hutu, bai yi mako biyu ba jiki ya ɗau zafi da rawar sanyi. Mu duk mun san ko mene ne. A asibitin zazzaɓi da muka kai shi, kafin a ba shi ko ƙwaya ɗaya sai da aka ɗebi jini, sannan aka zauna ana tambayarsa: daga wace ƙasa, yaushe ya sauka, ina yake kwana, su wa ke ɗaki ɗaya da shi. Yana kwance yana mita wai ciwon da a gida naira kaɗan ke maganinsa an mayar da shi kamar shari'a. Bai biya kuɗin maganin ba, domin gwaji da maganin maleriya kyauta ne a Masar har ga baƙo.

To mu koma gida. Yayata tana Pantami, kuma na san yadda ake yi domin a haka na tashi. Yaro ya kwana da zazzaɓi, da safe a aiki yayansa kemis: "Ka ce a ba da na maleriya da na taifot." Mai kemis bai ga yaron ba, bai san nauyinsa ba. Ya ɓallo ƙwayoyi daidai kuɗin da aka kawo, ya ƙulle a leda. Maganin da ake ba da shawara yanzu, wanda Najeriya ta koma kansa a 2005 bayan kulorokwin ya daina ci, kwana uku ake shansa, safe da yamma. A kwana na biyu jiki ya yi sanyi, sai a ajiye sauran don ƙaninsa. Da na ce mata, "Yaya, don Allah a riƙa yin gwajin nan na ɗan yatsa," sai ta ce, "Kai dai ka daɗe a waje. Wane gwaji? Da damina zazzaɓin me zai kama yaro in ba shi ba?"

Sau da yawa gaskiyarta ce, kuma nan matsalar take. Daga Agusta zuwa Oktoba yawancin zazzaɓin yara maleriya ce. Amma ragowar fa? Ciwon haƙarƙari, ciwon kunne, sanƙarau a lokacinsa, duk da zafin jiki suke farawa. Yaron da ke da ɗaya daga cikinsu zai ɓata kwana uku yana shan maganin da ba nasa ba. Wanda kuma maleriyar ce da gaske aka ba shi rabin magani, shi ne ake rugawa da shi asibiti cikin dare yana jijjiga, tafin hannu fari fat, ana neman wanda zai ba da jini. Duk waɗannan yaran, muddin a kemis aka tsaya, babu littafin da sunansu ya shiga. Hukuma ba ta san wace unguwa ta fi kamuwa ba, balle ta san inda za ta kai feshi.

Alƙaluman da ake da su ma sun isa tayar da hankali. A 2023 an ƙiyasta mutum miliyan 263 sun kamu a duniya, kusan 597,000 suka mutu, mafi yawansu yaran Afirka 'yan ƙasa da shekara biyar. Najeriya kaɗai ta ɗauki fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa, da kusan kashi 31 cikin 100 na mace-macen.

Ba na cikin masu cewa ba a yi komai ba. Binciken ƙasa ya nuna yaran da ke ɗauke da ƙwayar sun ragu daga kashi 42 cikin 100 a 2010 zuwa 22 a 2021. Gidan sauro mai magani ya yi aiki, haka ma maganin rigakafin da ake bi gida-gida ana ba yara wata-wata da damina. A ƙarshen 2024 an fara allurar rigakafi a Kebbi da Bayelsa. Kuma na yarda ƙasarmu ta fi Masar wuya. A Garki, wadda yanzu take Jigawa, an yi wani babban gwaji daga 1969 zuwa 1976: aka yi ta feshi a ƙauyuka, aka ba kowa magani, cutar ta ragu sosai, ana dainawa ta dawo. Sauronmu ya fi son jinin mutum a kan na dabba, ruwan sama kuma yana ba shi wurin haihuwa ko'ina.

Wani kuskuren da ya kama bakin kowa shi ne ɗora laifi kan kwata. Kwata mai wari tana haifar da sauro, amma galibi mai kuka a kunne ne. Na maleriya ya fi son ruwa mai ɗan tsabta da rana ke duka: ramin da aka haƙa don yin bulo, sawun kofaton shanu, kududdufi, gonakin shinkafa irin na Dadin Kowa. Tun shekarun 1920 Masar ta hana noman shinkafa kusa da gidaje. Ban ce a hana manomanmu ba, ai da ita ake ci. Amma ƙauyukan bakin madatsar ruwa ta Dadin Kowa su ya kamata a fi sa wa ido, har da rani.

Akwai kuma baƙon da ya kamata Gombawa su sani. A 2020 aka gano wani sauro ɗan asalin Asiya, Anofilis istifensi, karo na farko a Najeriya, kuma a jiharmu aka gano shi. Shi birni yake so, a tanki da duro da randa yake haihuwa, bai damu da damina ba. A Jibuti, inda aka kusa gamawa da maleriya, bayan shigowarsa masu kamuwa sun tashi daga 27 a 2012 zuwa sama da 70,000 a 2020. Garin Gombe kuwa kowa ya san yadda muke fama da ruwa: kusan kowane gida akwai duro ko tanki da 'yan ga-ruwa ko tanka ke cikawa. In wannan sauron ya zauna, zazzaɓi zai fara yawa a watan Maris, kuma ba za a lura da wuri ba sai in ana gwadawa ana rubutawa.

Don haka abin da nake so gwamnatin jiha ta yi ba mai tsada ba ne sosai. A wadata masu kemis da abin gwajin nan na minti goma sha biyar, a koya musu, a sa farashinsa ƙasa da na magani, a kuma wajabta musu tura adadin waɗanda suka gwada duk mako zuwa sashen lafiya na ƙaramar hukuma. Tunda can mutane ke fara zuwa, can ya kamata ƙidayar ta fara.