Sharhi kan aikin sa kai a ƙasashen waje

Na karanta labarin matasan da ke aikin sa kai yayin doguwar tafiya a ƙasashen waje, kuma ya taɓa mini zuciya. Ƙanena, malamin lissafi daga Gwale, ya yi shekara 2 a Gambiya ƙarƙashin shirin TAC na tura ƙwararru aikin sa kai a ƙasashen waje, wanda Najeriya ta kafa a 1987, har yau wasiƙun ɗalibansa suna nan cikin akwatinsa na ƙarfe. Abin da ya sa aikinsa ya yi albarka shi ne ya zauna ya san mutane, har ya fara jin harshen Mandinka. Amma wanda zai yi mako biyu a gidan marayu, yara su shaƙu da shi sannan ya wuce, ina roƙonsa ya sake tunani, domin su ake bari da kewa.